Madina ko Makka, Ina Za a Fara? Tsaba da Tsakuwa a Zancen Umarar Kaka

Da zarar an ɗaure gero, an kai wake kasuwannin Shinkafi da Ƙaura Namoda, zancen umara yakan taso a majalisun Birnin Tsaba. Wanda Allah ya yi wa buɗi yakan so ya tafi kafin kuɗin ya narke, kuma kujerar wannan lokaci ba ta kai ta azumi tsada ba. Sai tambaya ta biyo: a fara sauka Madina ne, ko a wuce Makka kai tsaye? A kan wannan tambaya maganganu sun yi yawa, wasu gaskiya ne, wasu kuwa an ji su ne a motar haya an ɗauka karatu ne.

Mafi yawo a cikinsu ita ce wai wanda bai fara da ziyarar Manzon Allah (SAW) ba, umararsa ba ta cika ba. Wannan ba haka yake ba. A littattafan fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, rukunan umara uku ne: harama, ɗawafi da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, sannan aski ko saisaye ya biyo baya a matsayin wajibi. Ziyara ba ta cikinsu, kuma ba ta cikin rukunan hajji. Ibada ce mai zaman kanta, mai falala babba: hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa salla ɗaya a masallacin Annabi ta fi salla dubu a waninsa, in ban da masallacin Makka. Wanda ya je kafin umara ya samu, wanda ya je bayanta ma ya samu.

Sai maganar salloli arba'in, wadda ta fi tayar da hankalin dattawa. Ana cewa dole mutum ya yi kwana takwas a Madina ba tare da jam'i ɗaya ya wuce shi ba. Hadisin yana nan a Musnad na Imam Ahmad daga Anas, wannan gaskiya ne. Amma malaman hadisi sun yi saɓani a kansa, wasu sun karɓa, wasu kamar Albani sun raunana shi, kuma ko waɗanda suka karɓa ba su ce sharaɗi ne na hajji ko umara ba. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita kanta ta rage kwanakin zaman Madina zuwa ƙasa da takwas a 'yan shekarun nan saboda cunkoson masauki. Abin tausayi ne ka ga tsohuwa tana kuka a harabar masallaci don mota ta zo ɗaukarsu tana da salla talatin da biyu. Hajiya, share hawayenki, babu abin da ya ɓaci a ibadarki.

To mene ne ainihin bambancin? Harama ce. Wanda ya fara da Madina zai hau jirgi a Kano ko Abuja da rigarsa da hularsa, ya huta, ya yi ziyara, ya je Ƙuba da Uhudu. Ranar tafiya Makka sai ya yi wanka a masauki, mota ta tsaya da shi a Zul-Hulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali a bakin gari, ya yi niyya ƙafarsa a ƙasa, hankalinsa kwance. Wanda ya nufi Makka ta Jidda kuwa, dole ya ɗaura zannuwan haraminsa tun a filin jirgi ko a cikin jirgi, ya kasa kunne ga sanarwar isowa saitin miƙati. Idan barci ya kwashe shi har aka sauka Jidda bai yi niyya ba, mafi yawan malamai sun ce ko dai ya koma miƙati ko ya yi yanka. Ga wanda bai taɓa shiga jirgi ba, da tsoho, da mace mai lissafin kwanakin al'adarta, ni dai shawarata a fara da Madina, saboda sauƙin da ke ciki. Mai ƙarfi a jika wanda ke son sauke nauyin umara tun da sauran kuzari, fara da Makka ba laifi ba ne. Nisan garuruwan biyu kusan kilomita 450 ne, kuma jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 yana cinye shi cikin kamar sa'a biyu da rabi.

Waɗanda ke cewa Madina akwai sanyi a ƙarshen shekara sun yi gaskiya. Makka ba ta san hunturu sosai ba, amma asubar Madina a watan Disamba tana buƙatar rigar sanyi da safa. Masu cewa ba a ruwa a Saudiyya kuma sun yi kuskure, domin Nuwamba na cikin watannin ruwan Jidda. Ambaliyar Nuwamban 2009 ta kashe mutane fiye da ɗari, ta Nuwamban 2022 kuma ta sa an rufe babbar hanyar Jidda zuwa Makka na wani lokaci.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce ta jirgin ruwa. Ana raɗa wa mutane cewa akwai hanya mai araha: a bi ta Chadi a mota, a yada zango a wani gari a Sudan, a hau jirgin ruwa a Sawakin sai Jidda. Maganar tana shiga kunne ne saboda tana da asali. Haka kakanninmu suka yi. Kafin jirgin sama ya zama hanyar alhazai, sai mutum ya bar gida ya nufi Borno, ya ratsa Wadai da Darfur, yana tafe yana ƙwadago a gonakin auduga, wani ya shekara biyar, wani ya fi, kafin ya ga Bahar Maliya. Da yawa ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne har gobe. Kuma har yau jiragen ruwa suna zirga-zirga tsakanin Sawakin da Jidda.

Iyakar gaskiyar ke nan. Tun watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin soja da dakarun RSF, kuma garuruwan da ke kan tsohuwar hanyar, Al-Junaina da Al-Fashir, suna cikin waɗanda suka fi shan wuta. A shekarar ne gwamnatin Nijeriya ta kwaso ɗalibanta daga can da ƙyar. Hanyar da mazaunanta ke gudu, ba mai hankalin da zai kai mahaifiyarsa ya bi da ita. Ko da mutum ya isa bakin teku lafiya, ba ya shiga Saudiyya sai da biza ingantacciya da katin rigakafin shawara da na sanƙarau. Bizar umara kuma ba ta hajji ba ce. Wanda ya ce maka ka laɓe har lokacin Arfa, yana jefa ka ne cikin kamu da tara da hana shiga ƙasar na shekaru.

Mu mutanen Zurmi da Shinkafi mun san abin da fita hanya ke nufi a wannan zamani, tun kafin a kai filin jirgi. Don haka kada a ƙara wa kai wani haɗarin. Kafin ka miƙa kuɗin wakenka ga kowane dillali, ka nemi sunan kamfaninsa a jerin waɗanda NAHCON ta ba lasisi, ka sa a rubuta maka filin jirgin da za a sauke ku, Madina ko Jidda, da yawan kwanakin kowane gari. Sannan ka ɗauki takardar ka je wurin malaminku ya nuna maka inda za ka yi harama.