Ƴan ƙwallon Kanada mata: bayan dogon cin rani, kasuwa ta fara ci a gida

Ran 16 ga watan Afrilu na shekara ta 2025, mutane sama da dubu 14 suka taru a babban filin wasa na birnin Vancouver, can bakin teku a yammacin ƙasar Kanada, domin kallon wasan ƙwallon ƙafa tsakanin kulob biyu na mata, Vancouver Rise da Calgary Wild. Ci ɗaya tak aka yi, shi ma da bugun fenariti, masu gida suka yi nasara. To amma ba sakamakon ya tara jama'a ba. Wannan ita ce rana ta farko da ɗiyan Kanada mata suka buga wasa cikin gasar ƙasarsu ta masu cin abinci da ƙwallo, da kwantiragi a hannu da albashin da ke riƙe mutum shekara guda. Abin mamaki, ƙasar da ta jira har 2025 kafin ta kai ga haka ta riga ta ci lambar zinariya a wasannin Olimpik, kuma ita ta haifi wadda ta fi kowa, mace ko namiji, yawan jefa ƙwallo a raga a wasannin ƙasa da ƙasa.

Ɗan kasuwa ya san irin wannan hali. Gona tana ba da amfani mai kyau, amma garin ba shi da kasuwa, sai a loda kaya a ƙetare iyaka da su, can a yi ciniki, can riba ta zauna. Haka ƙwallon mata ya kasance a Kanada kusan shekara arba'in.

Wadda ta share hanya

A watan Yuli na 1986 ƙungiyar ƙasa ta mata ta Kanada ta buga wasanta na farko, da Amurka. Cikin ƴan matan da suka shiga fili akwai Charmaine Hooper, mai shekara 18, haifaffiyar ƙasar Guyana wadda ta girma a Zambiya kafin iyayenta su zauna a birnin Ottawa. Da ta gama jami'a a Amurka sai ta duba gida ta ga babu mai biyan mace ko sisi don ta buga ƙwallo. Ta ɗauki jakarta. A 1993 tana Norwe, daga nan ta gangara Italiya ta buga wa Lazio, sannan ta wuce Japan, inda a wancan zamani manyan kamfanoni ke riƙe da ƙungiyoyin mata suna ɗauko baƙi daga waje. Kulob ɗin da ta buga wa na wani kamfanin sarrafa nama ne mai suna Prima Ham. Da tattalin arziƙin Japan ya shiga wani hali a ƙarshen shekarun 1990, kamfanoni suka janye hannu, baƙi suka watse.

A 2001 Amurka ta buɗe gasar WUSA, Hooper ta shiga ƙungiyar Atlanta, ta kai wasan ƙarshe sau biyu ba ta ɗauki kofin ba. A watan Satumba na 2003, ƴan kwanaki kafin kofin duniya, aka rufe gasar saboda asarar kuɗi. Hooper da abokan wasanta suka shiga kofin duniyar ba su san inda za su yi aiki bayansa ba, duk da haka suka kai Kanada matsayi na huɗu. Ta bar ƙungiyar ƙasa da wasa 129 da ci 71, bayan ta ci abinci da ƙafarta a nahiya uku, ban da ƙasarta.

Christine Sinclair

Labarin Christine Sinclair ya fi na kowa nuna yadda lamarin yake. An haife ta a 1983 a garin Burnaby, kusa da Vancouver, ta fara buga wa ƙasa tana da shekara 16. A 2002 Kanada ta karɓi gasar duniya ta ƴan mata ƙasa da shekara 19, Sinclair ta ci ƙwallo 10, kuma mutane sama da dubu 47 suka cika filin Edmonton ranar wasan ƙarshe. Ke nan tun a lokacin masu kallo suna nan. Wanda zai zuba jari ne babu.

Hanyar da ta rage wa yarinya mai hazaƙa ita ce jami'o'in Amurka, waɗanda ke ɗaukar nauyin karatun ɗaliba muddin tana buga musu wasa. Sinclair ta tafi jami'ar Portland, ta ci musu kofin jami'o'i a 2002 da 2005. Da aka buɗe sabuwar gasa mai suna WPS a 2009 ta shiga kulob ɗin FC Gold Pride na Kaliforniya. A 2010, ita da Marta ta Brazil, suka ɗauki kofin gasar. Kafin shekarar ta ƙare aka rushe kulob ɗin, masu shi sun gaji da asara. Ta koma Western New York Flash, a 2011 ta sake ɗaukar kofi, da shiga 2012 gasar gaba ɗaya ta durƙushe. Kofi biyu cikin shekara biyu, wurin aiki biyu sun rufe.

A cikin wannan rashin tabbas ne aka yi wasan da har yau ƴan Kanada ba su manta ba. A Olimpik na Landan, 2012, wasan kusa da na ƙarshe, Sinclair ta jefa wa Amurka ƙwallo uku ita kaɗai, amma aka tashi 4 da 3, bayan alƙaliyar wasa ta hukunta mai tsaron gidan Kanada, Erin McLeod, wai ta riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa shida, dokar da ba safai ake aiki da ita ba. Kwana uku bayan haka wata gajeruwar ƴar wasan tsakiya, Diana Matheson, ta ci Faransa a mintin ƙarshe, Kanada ta samu lambar tagulla. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za a sake jin sa.

A 2013 Amurka ta yi gwaji na uku da gasar NWSL, wadda ita ce ta ɗore. Dabarar da aka yi ita ce hukumomin ƙwallo na Amurka da Kanada da Meziko su riƙa biyan albashin manyan ƴan wasansu, don a rage wa kulob nauyi. Hukumar Kanada ta fara da mata 16, ta ci gaba da biya har ƙarshen 2021. Wato shekara tara kuɗin Kanada yana taya maƙwabciya gina kasuwarta. Ga ƴan wasan dai, da babu gara ba daɗi. Sinclair ta zauna a Portland Thorns daga 2013 zuwa 2024, ta ci kofi uku. A watan Janairu na 2020 ta wuce ci 184 na Abby Wambach ta Amurka, kuma da ta ajiye rigar ƙasa a watan Disamba na 2023, a gaban mutane sama da dubu 48 a Vancouver, lissafinta ya tsaya a ci 190 cikin wasa 331.

Hanyar Turai

Ƴan baya ba su tsaya a Amurka ba. Da manyan kulob na maza a Faransa da Ingila suka fara zuba kuɗi a ɓangaren mata, sai akalar ta juya. A farkon 2017 Kadeisha Buchanan, mai tsaron baya, ta tafi Lyon, inda ta ɗauki kofin zakarun Turai har sau biyar kafin ta koma Chelsea a 2022. Ashley Lawrence ta tafi Paris Saint-Germain a shekarar 2017 ɗin. A 2019 Jordyn Huitema, tana da shekara 18, ta bar maganar jami'a ta sa hannu da kulob ɗin na Paris kai tsaye, abin da a da ba a saba gani ba. Jessie Fleming ta shiga Chelsea a 2020.

Waɗannan ƴan ci-rani ne aka tattaro daga ƙasashe daban-daban aka kai Japan a 2021. Suka fid da Amurka da ci 1 da nema, fenaritin Fleming, sannan ran 6 ga watan Agusta a birnin Yokohama suka yi kunnen doki da Suwidin, suka ci a bugun fenariti 3 da 2, Julia Grosso ce ta buga na ƙarshe. Aka dawo da zinariya ƙasar da yarinyar da ta kalli wasan a talabijin ba ta da kulob ɗin da za ta yi burin shiga a garinsu.

Yajin aikin da bai kwana biyu ba

Zinariya ba ta kawo wadata ba. A watan Fabrairu na 2023, saura wata biyar kofin duniya, ƴan wasan suka sanar da yajin aiki ta bakin sandikarsu. Kukansu shi ne hukumar ƙwallo ta rage kasafin shirye-shirye, ta rage kwanakin atisaye da yawan ma'aikata, kuma ba a biya su haƙƙinsu na 2022 ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa zaman jiran bashin albashi ba ya buƙatar a fassara masa. Hukumar ta yi barazanar kai su kotu, washegari suka koma fili ba da son ransu ba, suka fito sanye da riguna masu launin shuɗi-ja don nuna fushi. Kafin watan ya ƙare shugaban hukumar, Nick Bontis, ya yi murabus, a watan Maris kuma Sinclair da wasu abokan wasanta suka bayyana gaban wani kwamiti na majalisar dokoki a Ottawa.

Abin ya nuna a fili. Ran 21 ga watan Yuli na 2023, a birnin Melbourne, Kanada ta haɗu da Najeriya, mai tsaron gida Chiamaka Nnadozie ta tare fenaritin Sinclair, aka tashi babu ci. Daga baya Ostiraliya ta lallasa su 4 da nema, zakarun Olimpik suka koma gida tun zagayen farko.

Kasuwar gida

Diana Matheson ta daina wasa a 2021, bayan ta buga wa ƙasa wasa sama da 200. Ta karanci tattalin arziƙi a jami'ar Princeton, ta ƙara da karatun tafiyar da kasuwanci, ta kuma gane cewa jiran hukuma ɓata lokaci ne. A watan Disamba na 2022 ta sanar da kamfanin da zai kafa gasa, ta shiga neman masu jari gari-gari. Daga nan Northern Super League ta fito da kulob shida, a Vancouver da Calgary da Toronto da Ottawa da Montreal da Halifax. Ita ma Sinclair ta sa kuɗinta a kulob ɗin Vancouver.

Aka tsai da mafi ƙanƙantar albashi a dalar Kanada dubu 50 a shekara (ba dalar da ake ƙirga kuɗi da ita a kasuwar Maraɗi ba), wato wajen miliyan 20 na CFA a canjin 2025. A ido kuɗi ne mai yawa. A Toronto ko Vancouver, inda hayar ɗaki ke cin rabin samun mutum, rufin asiri ne kawai. Duk da haka ya isa ya jawo wasu tsofaffin hannu gida. Erin McLeod, wadda aka yi wa hukuncin daƙiƙa shida, ta zo Halifax tana da shekara 42, bayan ta tsare raga a Amurka da Suwidin da Jamus da Aislan. Desiree Scott ta fasa ritaya ta shiga Ottawa.

Wahalhalun ba ɓoyayyu ba ne. Tsakanin Vancouver da Halifax akwai sama da kilomita 4000, kusan kowace tafiya sai da jirgin sama. Sanyin hunturu ya sa dole a yi gasar daga Afrilu zuwa Nuwamba. Gasa biyu sun mutu a Amurka, wadda ta fi Kanada jama'a da kuɗi nesa ba kusa ba, kowace bayan shekara uku. Kuma manyan taurarin da ke kan ganiyarsu ba su dawo ba, ba su da dalilin dawowa. A watan Yuli na 2025, ana tsakiyar kakar farko, Arsenal ta sayi Olivia Smith, ƴar Kanada mai shekara 20, daga Liverpool a kan fam miliyan ɗaya, sama da miliyan 750 na CFA, karo na farko da aka biya wannan adadi a kan mace. Kuɗin yarinya ɗaya ya zarce iyakar da gasar ta sa wa kowane kulob na albashin ƴan wasansa a shekara, dalar Kanada miliyan 1 da dubu 600. Ko tamma bai shiga aljihun wani kulob na gasar ba, domin ta bi ta Fotugal da Ingila tun kafin a buɗe ta.

Amfanin gasar na gaske yana ga waɗanda ba a san sunansu ba tukuna: yarinyar da ta gama jami'a ba ta samu kira daga Chelsea ko Lyon ba, wadda a da sai dai ta rataye takalma tana da shekara 22 ko ta je ta buga a wani ƙaramin kulob na Turai a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Yanzu tana da wurin da mai horas da ƙungiyar ƙasa zai gan ta kowane mako. In ta yi fice har baƙi suka zo saye, wannan karo kuɗin a gida zai zauna.

Har ma Kanada ta fara karɓar nata ƴan ci-rani. Esther Okoronkwo ta Najeriya ta buga kakar 2025 a AFC Toronto. A watan Yuli ta je Maroko ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Afirka, wanda Najeriya ta farfaɗo daga 2 da nema ta ci masu masauki 3 da 2, sannan ta koma bakin aikinta. Kulob ɗinta ne ya gama a saman tebur. Ran 15 ga watan Nuwamba na 2025 aka yi wasan ƙarshe a Toronto, Vancouver Rise ta doke su 2 da 1, ta tafi da kofin farko, wanda aka raɗa wa sunan Diana Matheson.