Rabon Uba Cikin Renon Yaro

Ka sani, ya mai karatu, idan wahala ta faɗa wa gida, ko yunwa, ko cuta, ko gudun hijira, jariri shi ya fi kowa jigata. Tun daga shigar ciki har yaro ya shekara 2, watau kamar kwana 1,000 ke nan, a cikinsu ne jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Abin da ya rasa a wannan lokaci, da wuya ya same shi daga baya.

To, masu aikin lafiya sun daɗe suna tara mata kaɗai suna yi musu gargaɗi. Amma ka duba, wa ke buɗe rumbu? Wa ke ba mace izinin zuwa asibiti? Ai maigida ne. Idan an koya wa mace ba a koya wa mijinta ba, sai ta komo gida da sani, ba ta kuwa da ikon aikatawa.

Saboda haka ne a shekarar 2008 aka soma Makarantar Mazaje a ƙasar Damagaram, cikin Nijar, da taimakon wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba makaranta ce mai allo da bulala ba. Magidanta ne kamar 12, su kan taru sau biyu a wata, su yi shawara a kan awon ciki da haihuwa a asibiti, sa'an nan su bi gari suna yi wa 'yan'uwansu bayani, gama namiji ya fi jin maganar namiji.

Kai ma akwai abin da za ka iya. Ka ƙara wa mai ciki da mai jego abinci, musamman wake da gyaɗa da ganyen zogale. Ka bar jariri da nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi, ko da tsofaffi sun matsa. Daga wata 6 zuwa shekara 5 akwai ɗan ma'auni mai launi da a kan naɗa a damtsen yaro. Idan ya nuna ja, tamowa ce mai tsanani, sai asibiti a ranar. Haka kuma idan ƙafafunsa biyu sun kumbura.

Wani zai ce yana jin kunyar ɗan fari. Kunya ta hana ka kiran sunansa, amma ba ta hana ka auna damtsensa ba. Idan kuwa an ba shi abincin gyaɗan nan na asibiti, magani ne, nasa ne shi kaɗai. Kada ka yarda a raba wa yayyensa, balle a kai kasuwa.