Motar Ramses Ta Alƙahira Da Injin Da Ba Shi Da Fistin

Jawabin kimiyya na yau a kan injin mota yake, da abin da ke jiran mai sha'awa wanda ya ƙudura ya ƙera nasa da hannunsa, musamman in ya ce shi ba zai bi fasalin da kowa ya sani ba. Labarin zai soma daga birnin Alƙahira na ƙasar Masar, ya ratsa ta Jamus da Japan, kāna ya komo.

A wajen shekara ta 1959, zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir, Masar ta ɗaura ɗamarar ƙera kayanta da kanta, har taken da ake yi a lokacin shi ne za a ƙera kome, tun daga allura har roka. A cikin wannan yayi ne waɗansu mutum biyu, George Hawi da Isamuddin Abul Ala, suka kafa wata 'yar masana'anta a bayan gari, a kan hanyar hamada wadda ta tashi daga Alƙahira zuwa Iskandariya. Suka ƙera wata ƙaramar mota, suka raɗa mata sunan Ramses, watau sunan wani mashahurin Fir'auna. Gangar jikin motocin farko da hannu aka yi ta, maƙera suka yi ta bugun fallen ƙarfe da guduma har ya ɗauki siffa. Amma injin, da akwatin giya, daga Jamus aka sayo su, wurin wani kamfani da ake kira NSU a garin Neckarsulm, irin waɗanda ke cikin motarsa mai suna Prinz. Ƙaramin inji ne mai silinda biyu, cikinsa bai fi rabin lita da kaɗan ba, a bayan mota yake zaune, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, saboda haka babu lagireto. Gwamnati ta karɓe masana'antar a 1963, aka daina ƙera motar a 1972.

To, me ya sa mutanen da suka iya ƙera jikin mota da guduma suka sayo inji daga waje? Ba rashin basira ba ne. Dalilin yana cikin aikin injin kansa.

Injin fetur na yau da kullum yana bin tsarin da wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya kammala a 1876. Akwai silinda, watau wani bututun ƙarfe, da fistin wanda ke hawa da sauka a cikinsa. Fistin ya sauka, ya zuƙo iska gauraye da fetur. Ya hau, ya matse su har su koma kamar kashi ɗaya cikin takwas na girmansu. Fulogi ya ƙyasta wuta, iskar ta kama, ta kumbura, ta tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi. Sa'an nan ya sāke hawa ya kori hayaƙi waje. Cikin waɗannan motsi huɗu, ɗaya ne tak yake ba da ƙarfi, sauran ukun hidima suke yi masa. Karanshaf kuwa shi ke juya wannan hawa da sauka ya mai da shi kewayawa, wadda ke tura ƙafafun mota.

Duk mai hankalin ƙira da ya dubi wannan tsari zai ga ɓarna a ciki. In inji yana juyi 3,000 a minti guda, kowane fistin yana tsayawa cik ya sāke komawa baya sau 100 a kowace daƙiƙa. Daga nan jijjiga ke fitowa, ga tarin bawul da sauran ƙananan ƙarafa masu motsi. Tun da ƙafar mota kewayawa take yi, don me injin ba zai kewaya kawai ba? Tambayar tsohuwa ce. A Masar ɗin ma, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, wani masani na Iskandariya mai suna Hero ya bayyana wata ƙwallon ƙarfe wadda tururi ke juyawa. James Watt na Scotland shi ma ya gwada injin tururi mai kewayawa, bai ji daɗinsa ba, ya zauna a kan fistin.

Wanda ya fi kowa nacewa a kan wannan tambaya shi ne Felix Wankel, wanda aka haifa a garin Lahr na Jamus a 1902. Ubansa ya mutu a Yaƙin Duniya na Farko, bai sami zuwa jami'a ba, sai ya kama aiki a wani kamfanin buga littattafai a Heidelberg. A 1924 shi da abokansa suka buɗe ɗan wurin ƙira a wata rumfa a bayan gida, ya yi ta gwaje-gwaje a lokacin da ya taso daga aiki. A 1929 ya sami takardar mallakar ƙirarsa ta farko. Abin mamaki, saboda raunin idanunsa, mutumin nan har ya mutu a 1988 bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba. A zamanin mulkin Hitler ya yi wa sojan Jamus aiki a kan injunan jiragen sama, bayan yaƙi Faransawa suka tsare shi na 'yan watanni, suka kwashe kayan aikinsa. A 1951 ya soma hulɗa da NSU, kamfanin nan da daga baya ya sayar wa mutanen Alƙahira injunan Ramses.

Ga yadda injinsa yake. Mai sauraro ya ɗauki kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu, wanda ƙugunsa bai matse ƙwarai ba: haka cikin gidan injin yake. A ciki akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa sun ɗan yi tozo, yana kewayawa yana kuma karkata, ta yadda kusurwoyin nan uku kullum suna manne da bango. Saboda haka gidan ya kasu ɗaki uku, kowane ɗaki yana buɗewa yana tsukewa yayin da ƙarfen ke juyi. A lokacin da ɗaki ɗaya ke zuƙar mai, na biyu yana matsewa ko yana cin wuta, na uku yana fitar da hayaƙi. Babu bawul, kafofi ne kawai a jikin bango, waɗanda ƙarfen ke buɗewa yana rufewa da kansa in ya zo wucewa. Kowane juyi guda na ƙarfen, wuta ta tashi sau uku, sandan tsakiya kuma ya juya sau uku. Inji ne ƙarami, marar nauyi, mai gudu sumul.

Na farko ya tashi a ɗakin gwajin NSU ran 1 ga Fabrairu, 1957. A cikinsa har gidan ma juyawa yake yi, kuma in za a canja fulogi sai an kwance injin. Wani injiniyan kamfanin, Hanns Dieter Paschke, ya sauƙaƙe ƙirar, ya tsai da gidan wuri guda. Wankel bai so haka ba, amma ƙirar Paschke ce ta shiga mota: NSU Spider a 1964, sa'an nan babbar mota Ro 80 a 1967.

Daga nan wahala ta bayyana, kuma wahalar ita ce toshe iska. Ƙarfin inji duka ya dogara ga tsare iskar da ta kumbura kada ta sulale. A injin fistin wannan da sauƙi, gama silinda da'ira ce, da'ira kuwa ita ce siffar da injin sassaƙa ƙarfe ya fi iya fitarwa daidai. Ga kuma zoben fistin mai tsaga, wanda John Ramsbottom ya ƙago a Ingila a 1852, yana buɗewa da kansa ya manne da bango ta kowane gefe, a kan jera shi biyu ko uku, in iska ta tsere wa ɗaya na gaba ya tare ta. A injin Wankel kuwa, siririn tsinken ƙarfe guda ne kawai a kowace kusurwa, yana goga bango a guje, yana sauya karkata kowane lokaci. In ya ci, ko ya yi tsalle ko da kaurin gashi, iska ta tsallaka daga ɗaki zuwa ɗaki, ƙarfi ya zube.

Sa'an nan ga zafi. A cikin silinda, wurin da wuta ta ci nan ne sabon mai mai sanyi ke shigowa ya huce shi. A injin Wankel gefe guda kullum cikin wuta yake, ɗayan kullum cikin sanyi, sai ƙarfen gidan ya buɗe a nan ya tsuke a can. Har wa yau ɗakin wutar dogo ne siriri, ba ya ƙone fetur sarai, kuma dole a riƙa ɗiga baƙin mai a ciki domin tsinkayen su sami santsi, shi ma ya ƙone ya fita cikin hayaƙi. Injunan Ro 80 na farko da yawa sun gaza tun ba su cika kilomita 50,000 ba, kamfanin ya yi ta canja wa masu saye sababbi kyauta, har aljihunsa ya rame. A 1969 Volkswagen ya saye NSU ya haɗe shi da Audi. Ro 80 ta tsaya a 1977, bayan an ƙera kimanin 37,000.

Mutanen Japan sun fi haƙuri. Kamfanin Mazda na Hiroshima ya sayi izinin ƙirar a 1961, ya tarar tsinkayen suna kakkarce bangon gidan cikin ɗan lokaci kaɗan. A 1963 aka ba injiniya Kenichi Yamamoto ƙungiyar mutum 47, suka yi shekaru suna gwada abubuwa iri iri, har suka dace da gaurayen gawayi da alminiyam. Motarsu Cosmo ta fito a 1967. Amma a watan Oktoba na 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Masar da Siriya a gefe guda da Isra'ila a ɗaya gefen, ƙasashen Larabawa masu mai suka rage fitarwa, kuɗin ɗanyen mai ya ninka kusan huɗu. Inji mai shan fetur da yawa ya rasa masu so. General Motors na Amirka da Citroën na Faransa, waɗanda suka zuba dukiya a kansa, suka janye.

A komo Alƙahira. A unguwar da ake kira Hirafiyyin, watau ta masu sana'a, da tsohuwar kasuwar Wikalatul Balah ta Bulaƙ, an san Misirawa da iya ta da matacciyar mota, kamar yadda aka san mutanen Ƙofar Ruwa a Kano da na Panteka a Kaduna. Mai sha'awar da ya tsaya a irin wannan wuri da zanen sabon inji a hannunsa yana da abin somawa. Zubin gida ba zai gagare shi ba, gama maƙeran da ke narka alminiyam su zuba tukwane cikin yashi sun san hanyar. Fulogi da kafireta da sauran kayan wuta duk ana cirowa daga tsohon inji. Inda zai tsaya shi ne gyaran cikin. Ratar da ke tsakanin fistin da silinda ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma dole ta zauna haka ko da ƙarfe ya ɗau zafi, alhali wutar da ke ciki tana wuce digiri 2,000. Siffar kwanson gyaɗa kuwa ba ta fita a injin sassaƙa na da'ira, sai da na'ura ta musamman, ko irin ta zamani wadda kwamfuta ke sarrafawa. Domin haka yawancin masu ƙira na gida sukan fara da ɗan ƙaramin inji mai silinda guda a kan tebur, su auna matsinsa da ma'auni tun ba su zuba masa fetur ba. Injin da bai riƙe iska da sanyinsa ba, ba zai riƙe ta da zafi ba.

Masar kanta ta bi hanyar da ta fi sauƙi: kamfanin Nasr, wanda aka kafa a Helwan kudu da Alƙahira a 1960, ya riƙa harhaɗa motocin Fiat na Italiya da injunansu na fistin, su ne suka cika titunan birnin shekaru da dama. Mazda kuwa bai saki ba. Motarsa mai injin Wankel ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991, ya ci gaba da sayar da irinta har RX-8 ta tsaya a 2012. A 2023 ya sāke fito da injin a cikin motar MX-30, amma wannan karon ba shi ke juya ƙafafu ba. Janareta yake juyawa ya cika batir, injin lantarki kuma, wanda ke kewayawa ba tare da wata iska da zai tsare ba, shi ke tura motar.