Binciken Farfesa Kamilu Karaye Kan Ciwon Zuciyar Masu Jego da Amfaninsa Ga Jama'ar Kankiya da Kusada

Gabatarwa

A ƙauyukanmu na Kankiya da Kusada, kamar sauran sassan Jihar Katsina, ba baƙon abu ba ne a ga mace ta haihu lafiya, an sha suna an watse, amma kafin ta yi arba'in sai ƙafafunta su kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ta kasa kwanciya sai a jingine. Wasu su ce sanyi ne ya shige ta, wasu su ce iska ce, wasu kuma su ɗora wa ungozoma laifin rashin gasa ta da kyau. Sau da yawa abin da ke damunta ciwon zuciya ne na masu jego, wanda likitoci suka daɗe suna bincike a kansa a ƙasar Hausa.

Cikin wannan bayani za mu gabatar wa jama'a da jami'an ƙananan hukumomi ayyukan ɗaya daga cikin masu wannan bincike, wato Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Haka kuma za mu bayyana yadda masana ke auna nauyin irin wannan aiki, da abin da ya rataya a wuyanmu game da shi.

Yadda ake auna aikin mai bincike

Likita mai bincike ba ya tsayawa ga duba marasa lafiya kawai. Yakan tattara bayanan waɗanda ya duba, ya ƙididdige, ya rubuta maƙala, ya aika wa mujallar ilimi. Mujallar ba ta bugawa sai ta ba wasu masana na fannin sun tantance hanyar da ya bi da alƙaluman da ya kawo. Jerin maƙalun da suka tsallake wannan tantancewa shi ne kundin wallafe-wallafen mai bincike.

Amma yawan rubutu kaɗai ba ya nuna inganci. Saboda haka ake duba abu na biyu, wato ambato. Duk lokacin da wani masani ya kafa hujja da maƙalar wani a cikin tasa, to an ambaci ta farkon sau ɗaya. Abin ya yi kama da yadda malaman zaure ke jingina magana ga littafin da suka samo ta, domin mai sauraro ya san asalinta. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ne ya fara fitar da kundin ƙirga ambato na kimiyya a shekarar 1964. A yau rumbuna irin su Scopus da Google Scholar, waɗanda aka buɗe a 2004, suna yin wannan ƙirga ta intanet.

A shekarar 2005 wani masanin kimiyya mai suna Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake kira ma'aunin h, wanda ya haɗa yawa da tasiri wuri guda. Idan aka ce ma'aunin h na mutum 20 ne, ana nufin yana da maƙalu 20 waɗanda aka ambaci kowace daga cikinsu aƙalla sau 20. Jami'o'i da masu ba da tallafin bincike kan duba irin waɗannan alƙaluma wajen ƙarin girma da rabon kuɗi.

Tushen binciken: Zariya, Yamai da Sakkwato

Domin a gane matsayin aikin Farfesa Karaye, sai an san waɗanda suka riga shi, tunda da tsohuwar zuma ake magani. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo a Zariya, suka buga sakamakon a 1978. Sun danganta yawan ciwon da al'adun jego, wato wankan ruwan zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Wannan ra'ayi ya shiga littattafan koyar da likitoci a ƙasashe da dama, aka yi shekaru ana ambatonsa.

A 1992 wani likitan Faransa mai suna Cénac da abokan aikinsa a Yamai, Jamhuriyar Nijar, suka gano cewa masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci. A 2007 kuma Isezuo da Abubakar suka ba da rahoto daga Sakkwato cewa ana samun ciwon sau ɗaya cikin haihuwa 102 a asibitin da suka yi nazari. Wannan adadi yana cikin mafi yawa a duniya, domin a Turai da Amurka sai a yi haihuwa dubu ko dubbai kafin a samu mace ɗaya.

Manyan wallafe-wallafen Farfesa Karaye a kan ciwon

A 2015 Farfesa Karaye da abokan aikinsa suka buga nazarin da suka yi a Kano, wanda ya nuna cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na masu ciwon suna da matsanancin ƙarancin seleniyam, alhali a cikin masu jego lafiyayyu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan ya ƙarfafa abin da aka gani a Yamai. A 2016 ya kammala digirinsa na uku a kan wannan ciwo a Jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin.

Daga nan ya jagoranci wani babban shiri na ƙasa mai suna PEACE, inda aka fara rajistar masu ciwon a 2017 a asibitoci 22 na Nijeriya. Sakamakon farko ya fito a 2020 a mujallar ESC Heart Failure ta ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai. An kwatanta masu ciwo 406 da masu jego lafiyayyu 99. Sama da kashi 70 cikin ɗari na masu ciwon daga shiyyar Arewa maso Yamma suke, wadda Jihar Katsina ke ciki, kuma a wani asibiti na shiyyar an samu ciwon sau ɗaya cikin haihuwa 96.

Abubuwan da suka fito fili a matsayin masu ƙara haɗari su ne rama, da hawan jini na masu juna biyu wanda kan kai ga jijjiga, da rashin ilimin zamani, da rashin sana'a. Wankan jego da kunun kanwa kuwa, alƙaluman ba su nuna cewa su ne sanadi ba, haka ma kasancewar mace Bahaushiya ko Bafulatana. Wato bayan shekaru sama da arba'in, sabon bincike ya ambaci na Zariya, ya gwada shi, ya karkatar da hankali zuwa ga talauci da rashin abinci mai gina jiki.

A cikin shekarar 2020 ɗin kuma mujallar Kwalejin Likitocin Zuciya ta Amurka, wadda ke sahun gaba a fannin, ta buga sakamakon bibiyar mata 244 na kimanin watanni 17. Kashi 18.7 cikin ɗari sun rasu, wato kusan mace ɗaya cikin biyar, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne zuciyarsu ta koma daidai. Haɗarin ya fi tsanani ga waɗanda ba su kai shekara 20 ba. Akwai kuma ƙaramin gwaji da aka yi da mata 100, wanda ya nuna cewa ƙarin seleniyam a kan magungunan da aka saba ya rage wa wasu alamun ciwon, kodayake gwajin share fage ne kawai.

Abin da ƙirgar ambato ba ta nunawa

Fitowar binciken da aka yi da matanmu a irin waɗannan mujallu shi ne ya sa masu rubutu kan wannan ciwo a wasu nahiyoyi ke ambaton alƙaluman Nijeriya. Duk da haka ya kamata jami'anmu su san iyakar wannan ma'auni. Na farko, wanda ya ambace ka domin ya ƙaryata ka, shi ma ana ƙirga shi. Na biyu, cutar da ta fi addabar ƙasashe masu arziki tana da ɗimbin masu bincike, don haka maƙalunta sun fi samun ambato. Na uku, maƙala ɗaya kan ɗauki sunayen marubuta da yawa, kowanne kuma a rubuta masa ambaton gaba ɗaya. Na huɗu, adadin kan bambanta daga wannan rumbu zuwa wancan, yana kuma canzawa kullum.

Uwa uba, babu rumbun da ke ƙirga yawan masu jegon da suka tsira saboda wani ma'aikacin lafiya a karkara ya gane alamun ciwon da wuri. Wannan ƙirga tamu ce, a gidajenmu da ɗakunan shan maganinmu ake yin ta.

Kira ga jama'a

Muna kira ga magidanta da surukai da ungozomomi da su lura da mai ciki a watanta na ƙarshe, da mai jego har zuwa watanni biyar bayan haihuwa. Idan aka ga kumburin ƙafafu ko ciki, ko haki bayan ɗan ƙaramin aiki, ko tari da dare, ko kasa kwanciya a miƙe, ko bugun zuciya da sauri, to a garzaya da ita Babban Asibitin Kankiya ko asibiti mafi kusa, kada a jira arba'in. Tabbatar da ciwon na buƙatar hoton zuciya, don haka idan aka tura ku Katsina ko Kano, a daure a je.

Kada a ɗauka cewa binciken ya wanke kanwa ga kowa. Wadda zuciyarta ta riga ta raunana, ko mai hawan jini, gishiri da kanwa suna ƙara tara mata ruwa a jiki. Kada kuma a sayi seleniyam a kemis ba da umarnin likita ba, domin yawansa guba ne. Wadda ta taɓa yin ciwon ta nemi shawarar likita kafin ta sake ɗaukar ciki. A ba masu ciki abinci mai gina jiki irin su wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da zogale, a kuma bar su su je awo domin a auna jininsu.

Kira ga jami'ai

Ga shugabannin sassan lafiya na ƙananan hukumomi, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, muna tunatarwa cewa duk alƙaluman da muka kawo daga littafin rajistar asibiti suka faro. A tabbatar ana rubuta kowace haihuwa, da awon jinin kowace mai ciki, da kowace mai jego da aka tura babban asibiti. Kankiya na da Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya da ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da ɗakunan shan magani na karkara, kuma su ne farkon waɗanda mai jego za ta gani. A riƙa tunatar da su waɗannan alamu a tarukan wata-wata. Haka zalika, tunda binciken ya nuna rawar da rama da rashin ilimi da rashin sana'a ke takawa, sanya 'ya'ya mata a makaranta da tallafa wa mata da sana'o'in hannu na cikin rigakafin wannan ciwo.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.