Tunawa da yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu

Tunawa da yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu na nufin yadda mutanen Argungu da na Birnin Kebbi ke ba da labarin faɗan da aka shafe kusan shekara ɗari ana yi a kwarin Rima tsakanin Kabawa da Daular Usmaniyya.

Asali

A shekarar 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice daga garin. A ƙarshen shekarar Kabawa da Gobirawa da Buzaye suka yi wa masu jihadi mummunar ɓarna a Alwasa. A 1831 aka kashe Sarkin Kabi Karari, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Nabame ya yi tawaye a 1849, kuma daga nan Argungu ta tsaya da ƙafarta har zuwan Turawa, har da lokacin ɗan sulhun da ake kira Lafiyar Toga.

Labari biyu

Rubutattun bayanai na farkon yaƙin, irin su Tazyinul Waraƙat na Abdullahi da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, daga ɓangaren masu jihadi suka fito. Sun yi juyayin shahidan Alwasa sosai, amma an fi jin muryar mai nasara kan ta mutanen garin da aka ci. A Argungu kuwa, waƙoƙin fada da makaman da ke Gidan Tarihi na Kanta, wanda aka buɗe a 1958 a tsohon gidan sarki, sun fi nuna Kabawa a matsayin waɗanda aka kora suka ƙi miƙa wuya. Hare-haren da Sarki Sama'ila (1883–1915) ya kai ƙasar Gwandu, a matsayin jarumta ake ambatonsu. Manoman da aka ƙone wa rumbuna ko aka kama bayi, a kowane ɓangare, ba su cika fitowa a labarin ba.

Irin wannan suka ake yi wa wasu finafinan yaƙi na Japan, kamar Grave of the Fireflies (1988), cewa sun nuna wahalar fararen hular ƙasar amma ba su taɓo abin da sojojinta suka aikata a Sin ba.

Sulhu

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa gagarumin su a Matan Fada. Daga nan ake ƙirga tarihin bikin kamun kifi na Argungu. Yau Birnin Kebbi, tsohon birnin Kabawa, shi ne mazaunin Sarkin Gwandu, kuma Sarkin Argungu na riƙe da sarautar Sarkin Kabi.