Idan Madubin Kyamararka Ya Maƙale

Jama'a, kyamara mai fim, irin Pentax K1000 da ta fito a 1976, tana da madubi a ciki. In ka danna, madubin ya ɗaga, ya bugi siririn soso, ya sauko. In soson ya tsufa, sai ya narke kamar kwalta. Madubin ya manne a sama, ka leƙa ka ga duhu.

Cire gilashin gaba. Naɗa auduga a tsinke, ɗiga sifirit kaɗan, goge baƙin dattin a hankali, sannan manna sabon soso. Kada ka taɓa fuskar madubin, saurin karcewa gare ta. Mai kuwa, ko ɗigo kada ka sa.

In hotuna suna fitowa da jan zane, soson murfin baya ne ya ruɓe, haske yana shiga. Cusa baƙin zaren ulu a gurbinsa.