Kwanson harsashi

Kwanson harsashi shi ne ƙoƙon ƙarfen da yake riƙe da albarushi da kan harsashi, wanda bindiga take tofarwa bayan an yi harbi. Akasari ana yin sa da tagulla, wato haɗin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, amma masana'antun Rasha da Sin sun fi amfani da baƙin ƙarfe saboda araha.

Tambarin gindi

A gindin kwanso akan buga haruffa da lambobi da suke nuna masana'anta da shekarar ƙira. Wannan tambari ne yake ba tsohon kwanso daraja a wurin masu tara kayan tarihi da masu bincike. Da shi ƙungiyar Conflict Armament Research take bin sawun harsasai. A 2020 ta fitar da rahoto kan makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara.

Tarihi a Najeriya

Kafin zuwan Turawa, bindigar toka aka sani a ƙasar Hausa. Ta baki ake ɗura mata albarushi, don haka ba ta barin kwanso. Sojojin Birtaniya da suka ci Sakkwato a yaƙin Giginya ranar 15 ga Maris, 1903, sun zo da bindigogi masu cin harsashin kwanso, har da samfurin Maxim. Bayan samun 'yancin kai an kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964. Harsasan soja da aka fi sani a yau su ne 7.62×51mm na G3 da FN FAL, da 7.62×39mm na AK-47.

Tarawa da sake amfani

A Amurka da Turai akwai masu tara tsofaffin harsasan yaƙin duniya, da masu sake cika kwanson tagulla don farauta. Kwanson baƙin ƙarfe bai cika karɓar cikawa ta biyu ba. A Najeriya adana irin waɗannan kaya aikin gidajen tarihi ne, kamar Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia.

A gabashin Sakkwato, wato yankin Giyawa da Goronyo da Wurno da Rabah, matsalar 'yan bindiga ta sa manoma da yara suna tsintar kwanso a gonaki da bakin hanya. 

Doka da haɗari

Dokar Makamai ta 1959 ta haramta mallakar harsashi ba tare da lasisi ba, kuma tsufansa ba ya fitar da shi daga wannan hukunci. Kwanson da babu komai a cikinsa ba ya fashewa, amma hujja ce ga masu binciken laifi, kuma wanda aka kama da shi yana iya shiga zargi. Harsashin da bai tashi ba kuwa yana iya fashewa idan aka jefa shi a wuta ko aka doke shi da guduma, ko da ya yi shekaru a binne. Gobarar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu, 2002, ta yi sanadiyyar mutuwar mutum fiye da 1,000. Jami'an tsaro suna shawartar wanda ya ga irin waɗannan kaya ya bar su inda suke, ya sanar da 'yan sanda ko mai unguwa.